Likita A Cikin Aljihu: Yadda A Ke Shirya Manhajar Kwantar Da Hankali

Jama'a, a 'yan watannin nan ɗalibai sun sha tare ni da tambaya guda, wai mene ne ra'ayina game da manhajojin nan na wayar hannu waɗanda a ke cewa suna kwantar wa mutum da hankali, su rage masa damuwa, ba tare da ya je wurin likita ba. Waɗansu sun riga sun sauke su cikin wayoyinsu. Waɗansu kuwa, na sashen kwamfuta, har suna shawarar su shirya tasu da Hausa don aikin ƙarshen shekara. To, tun da ya ke amsar ta fi ƙarfin a ba da ita a tsaye bakin ƙofar aji, na ga ya fi kyau in rubuta ta a nan kowa ya samu. Nufina in buɗe muku cikin abin, ku ga yadda a ke shirya shi da irin tunanin da ya wajaba mai shiryawa ya yi, don wanda ya san saƙa ba a cutarsa a kasuwar tabarmi.

Maganar ta shafe mu ƙwarai. Mutanen ƙasarmu sun haura miliyan 200, amma likitocin ƙwaƙwalwa ba su kai 300 ba, bisa ga abin da ƙungiyarsu ta sha faɗi, galibinsu kuwa suna manyan birane. Har zuwa watan Janairu na 2023, sa'ad da aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar hankali, da dokar 1958 a ke aiki, wadda ko sunanta ma dokar mahaukata ce. Ku kuwa gobe za a rarraba ku ƙauyuka, inda yaron da zuciyarsa ta ƙuntata ba shi da wanda zai dosa sai malaminsa. Wayar hannu ta kai inda likita bai kai ba. Wannan shi ne dalilin da ya sa masana suka ƙwallafa rai a kanta.

Abin ba sabo ba ne kamar yadda a ke zato. A 1966 wani malami a babbar makarantar fasaha ta MIT a Amurka, Joseph Weizenbaum, ya shirya wani tsari cikin kwamfuta ya sa masa suna ELIZA. Tsarin nan bai fahimci kome ba. In ka rubuta masa cewa uwarka ta ɓata maka rai, sai ya juyo da maganarka ya ce ka ƙara ba shi labarin gidanku. Duk da haka sakatariyar malamin, wadda ta ga yadda aka haɗa abin da idonta, ta roƙe shi ya fita daga ɗakin don ta yi magana da na'urar a keɓe. Abin ya tsorata shi ainun. Ku riƙe wannan labari, za mu bukace shi can gaba. A 2001 Jami'ar Ƙasa ta Ostiraliya ta buɗe MoodGYM a intanet, darasi biyar wanda kowa zai bi da kansa kyauta. Tun daga nan abin ya yi ta yaɗuwa, har yanzu irinsu sun kai dubbai.

Tambayar farko da mai shiryawa zai yi wa kansa ita ce, me zan zuba a ciki? A nan wani masanin halayyar ɗan'adam na Jami'ar Stanford, James Gross, ya yi mana aiki. A 1998 ya bayyana cewa tashin zuciya ba ya faɗo wa mutum gaba ɗaya kamar aradu, tafiya ya ke yi mataki mataki, akwai kuwa wuri biyar da za a iya tare shi. Bari in kwatanta da abin da kowa ya sani, watau ɗalibin da ya fita gwajin koyarwa, aka ce masa gobe mai duba shi zai zo. Shiga aji dai tilas ne, amma yana iya zaɓen inda zai yi hira daren nan, ko wurin abokan da ba su da aiki sai ba da labarin waɗanda aka kayar bara, ko wani wuri dabam. Wannan shi ne wuri na fari. Na biyu, ya gyara al'amarin kansa: ya shirya darasinsa sarai, ya yi sammako ya rubuta allo, ya dawo da yaron nan mai surutu layin gaba. Na uku, da an fara, ya zaɓi inda zai sa idonsa, ko a kan alƙalamin mai dubawa, ko a kan yarinyar nan da ta kasa kunne tana saurare. Na huɗu, ya sake fassara abin da ya gani. Mai dubawa yana ta rubutu, to, lalle ne laifi ya ke rubutawa? Ai haka ya ke yi a ajin kowa. Na biyar shi ne bayan gaba ya riga ya faɗi, hannu na rawa, bakin ya bushe. A nan abin da ya rage kaɗan ne, ko ya yi numfashi a hankali, ko ya daure fuska ya ɓoye.

Kun ga ke nan ruwa ya fi sauƙin tarewa tun yana ƙorama. Yawancin manhajojin da na duba kuwa wuri na biyar kaɗai suka sani, su ba ka kukan tsuntsaye da ƙarar ruwan sama, shi ke nan. Ba laifi, amma kamar mai gida ne wanda ya tanadi bokiti goma don yoyo, bai taɓa hawa ya duba jinkar ba.

Akwai wani abu cikin binciken Gross da na ke so mu daɗe a kansa. Ya nuna wa mutane hotunan majigi masu tayar da hankali, ya ce wa waɗansu su ɓoye abin da su ke ji kada ya fito a fuskarsu, waɗansu kuwa ya ce su sake fassara abin da su ke gani. Masu ɓoyewa fuskarsu ta yi lumus, amma abin da ke zuciyarsu bai ragu ba, jikinsu ma ya ƙara tashi. Gwaje-gwajen da suka biyo baya suka nuna har tunawarsu ga abin da ya faru ta kan raunana, don hankalinsu ya tafi wajen gadin fuska. Masu sake fassara kuwa abin ya sassauta musu ciki da waje. Mai shirya manhaja wanda ya karanta wannan da gaggawa sai ya ce, to, mu koya wa matasa su bar dannewa, kowa ya amayar da abin da ke ransa. In ya kawo wannan ƙasar Hausa ya yi ɓatan kai. Mu an rene mu da kunya da kara da haƙuri, yaro ba ya buɗe cikinsa gaban babba, wanda ya yi haka kuwa sai a ce ba shi da ta ido. Su kansu masu binciken daga baya sun ga cewa illar dannewa ta fi sauƙi ga mutanen da suka tashi cikin al'adun gabashin Asiya, inda kame kai abin yabo ne.

A ganina haƙuri iri biyu ne, ko da ya ke sunansu ɗaya. Akwai na wanda ya haɗiye magana tana cinsa a ciki, dare ya yi ya kasa barci, yana ta saƙe-saƙe. Akwai na wanda ya dubi maganar, ya auna ta, ya ga iyakarta, ya ajiye ta inda ta dace. Na fari shi ne dannewa. Na biyu shi ne ainihin abin da Gross ya kira sake fassara, kakanninmu kuwa sun san shi tun ba a haifi Gross ba. Manhajar da za ta karɓu wurinmu ita ce wadda za ta ce wa yaro, zo in nuna maka yadda a ke irin haƙurin da ba ya cin mai shi. Wadda ta ce masa haƙuri cuta ne, ranar zai share ta, ya kuwa yi daidai.

Sa'an nan sai a lura da lokaci. Mutumin da hankalinsa ya tashi yanzu yanzu ba ya iya karanta dogon bayani. Abin da ya dace da shi maɓalli guda ne a shafin farko, da ya taɓa sai murya ko wani zobe mai buɗewa da tsukewa ya ja shi ga numfashi, ya shaƙa ya ƙirga huɗu, ya fitar ya ƙirga shida, watau kamar sau shida cikin minti guda. Dalilin tsawaita fitarwa shi ne bugun zuciya ya kan ragu sa'ad da mutum ke fitar da numfashi. Manhajar da za ta ce masa ya fara rajista, ya ba da adireshin imel, ya zaɓi kalmar sirri mai harafi takwas tukuna, ba ta san wanda ta ke yi wa aiki ba. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Sai an saba da numfashin nan cikin kwanciyar hankali kafin ya yi amfani ranar tashinsa, don haka wajibi ne manhajar ta sa a riƙa gwadawa ran da ba kome.

Aikin lokacin natsuwa kuwa daga Aaron Beck aka samo yawancinsa, likita ne a Jami'ar Pennsylvania. Cikin shekarun 1960 ya lura masu ciwon damuwa suna da waɗansu tunane-tunane masu gilmawa da sauri, irin su ban iya kome ba, ko ba mai sona, suna karɓarsu kamar gaskiya ba tare da bincike ba. Sai ya koya musu su rubuta abin da ya faru, da tunanin da ya gilma, da abin da suka ji, sa'an nan su nemi shaida, wadda ta goyi bayan tunanin da wadda ta ƙaryata shi, kamar alƙali. Wannan ya dace da waya don kamar cika jadawali ne. Akwai wata dabara da ta fi shi sauƙin bayani. Baƙin ciki ya kan sa mutum ya janye jiki, janye jiki kuwa ya kan ƙara baƙin ciki. Maganinsa a sa mutum ya tsara ƙananan ayyuka ya yi su ko ba ya jin yi: ya je gai da gwaggonsa, ya fita ƙwallo, ya share ɗaki. Jin daɗin daga baya ya ke biyowa.

Yanzu ga maganar harshe, wadda ita ta fi damuna. A 2007 Matthew Lieberman da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya ta Los Anjelas suka nuna cewa in mutum ya kira abin da ya gani na tashin zuciya da sunansa, sashen ƙwaƙwalwa mai kula da tsoro ya kan ɗan lafa. Don haka kusan ko wace manhaja ta kan tambaye ka yaya ka ke ji yau. Amma me ta ke ba ka ka zaɓa? Fuskoki biyar masu launin rawaya, daga mai murmushi zuwa mai kuka! Kai, wannan ai tsiya ce, alhali kuwa ga dukiya a harshenmu. Haushi dabam, takaici dabam: haushi kana jinsa ga wanda ya yi maka, takaici kuwa shi ne an yi maka ba ka da yadda za ka yi. Fargaba faɗuwar gaba ce a kan abin da ya tunkaro, zullumi kuwa doguwar jira ce ba ka san abin da zai zo ba. Ga jimami, ga alhini, ga kewa, ga ƙunci, ga ɓacin rai. Ko wanne da abin da ya dace da shi. Mai zullumin sakamakon jarrabawa a taimake shi ya raba abin da ke hannunsa da wanda ba ya hannunsa. Mai alhinin rasuwar uwarsa kuwa ba a neman shaidar da za ta ƙaryata tunaninsa, don tunaninsa gaskiya ne. Manhajar da ta haɗa su duka cikin fuska guda mai kuka za ta ba su magani guda.

Har wa yau mutanenmu da yawa a jiki su ke faɗin ciwon zuciya. A 1960 wani likita, Raymond Prince, wanda ya yi aiki a asibitin Aro ta Abeokuta, ya rubuta labarin wata cuta da ya gani wurin 'yan makarantar Nijeriya, wadda su da kansu su ke kira gajiyar ƙwaƙwalwa. Kai ya yi zafi, su ji kamar wani abu na tafiya a cikinsa, ido ya yi hazo, su karanta shafi su kasa riƙe abin da ya ƙunsa. Ku duba ɗakunan kwananku makon jarrabawa ku gaya mini ko ta ƙare. Irin wannan ɗalibi in ka tambaye shi ko yana baƙin ciki sai ya ce a'a, kansa ne ke zafi. A Zimbabuwe, Dixon Chibanda ya kafa aikinsa na zama a benci da tsofaffin mata a kan kalmar mutanen Shona mai ma'anar yawan tunani, don ita suka sani. Saboda haka ɗauko tambayoyin Turanci a juya su Hausa kalma da kalma ba ya wadatarwa. Sai mai shiryawa ya zauna da waɗanda za su yi amfani da abin, ya karanta musu ko wace jimla, ya tambaye su me suka fahimta.

To, a ce an zuba abu mai kyau, cikin harshe mai kyau. Saura babbar matsala, wadda masu talla ba su faɗi: mutane ba su zama. A 2005 Gunther Eysenbach ya ja hankalin masana ga lissafin MoodGYM. Cikin mutum 19,607 da suka yi rajista don kansu, 97 kaɗai suka gama darasi biyar ɗin. A 2019 Amit Baumel da abokansa suka duba manhajoji 93 na lafiyar hankali, suka tarar bayan kwana 30 kamar mutum 3 cikin 100 ke buɗe su. A Ingila, Jami'ar York ta raba masu ciwon damuwa 691 kashi uku, kashi guda suka tsaya ga likitansu kaɗai, kashi biyu aka ƙara musu darasin kwamfuta. Da aka buga sakamakon a 2015, ba a ga wani bambanci ba, don waɗanda suka kai ƙarshen darussan ba su kai ɗaya cikin biyar ba. Ba abin mamaki ba ne. Ciwon da ya hana mutum tashi daga gado shi ne a ke so ya bar shi ya yi aikin gida mako takwas ba mai duba shi. Mu malamai mun san abin da ke faruwa ga aikin gidan da ba a dubawa.

Masu shiryawa sun bi hanyoyi dabam dabam don su magance wannan. Waɗansu suka aro dabarun wasannin waya, su ƙirga maka kwanakin da ka jera, su ba ka tauraro, su dame ka da saƙo safe da yamma. Ni ban yarda da wannan ba ko kusa. Yarinyar da ta riga ta ɗauka ita ba ta iya kome ba, ta jera kwana tara, ran na goma caji ya ƙare, ta buɗe ta ga an mayar da ita sifiri. Me ka koya mata? Banda haka, wanda ya bar manhaja don ya warke ai nasara ce. Kamfani na auna nasararsa da yawan mintocin da ka yi a ciki, likitan kirki kuwa da ranar da ya sallame ka.

Hanya ta biyu ta fi hikima. Jessica Schleider a Amurka ta ce, tun da yawancin mutane sau ɗaya za su zo, a sa zuwan nan guda ya zama cikakke. Ta shirya darasi na kamar minti 30, mai kai da gindi, ta gwada shi kan matasa 2,452. Sakamakon da aka buga a 2022 ya nuna bayan wata uku damuwarsu ta ragu. Raguwar ba mai yawa ba ce, amma da babu gara ba daɗi. Darasin da ke nan shi ne kada a ɓoye nama a ƙasan tukunya, abin da ya fi amfani a sa shi ranar farko.

Hanya ta uku ita ce a sa ɗan'adam a gefe. Hukumar Lafiya ta Duniya tare da Ma'aikatar Lafiya ta Lebanon sun shirya wata manhaja mai suna Step-by-Step, darasi biyar cikin sigar labari mai hotuna, an gina ta bisa dabarar nan ta ƙananan ayyuka. Ko wane mako wani mataimaki, wanda ba likita ba ne, horo kawai aka ba shi, ya kan kira mai amfani da ita ko ya aika masa saƙo, kamar minti 15. Aka gwada ta kan 'yan gudun hijirar Siriya 569, a 2022 aka ba da labarin cewa ta rage musu damuwa, ta kuma taimake su komawa ga harkokinsu, ko da ya ke a nan ma da yawa sun watse a hanya. A 2021 Eirini Karyotaki ta haɗa gwaje-gwaje 39, ta ga cewa mai ƙaramar damuwa yana iya amfana shi kaɗai, amma wanda tasa ta yi nauyi ya fi samun sauƙi in da mai bin sawunsa. Wannan ya tuna mini da Dokta Adeoye Lambo, wanda a 1954 ya fara saukar da marasa lafiya a ƙauyukan da ke kewaye da Aro, ko wanne tare da ɗan'uwansa mai jinya. A kwaleji irin tamu mataimakan nan ba su da wuyar samu, ga ofishin ba da shawara, ga manyan ɗalibai da za a iya horarwa.

Halin da mu ke ciki ma yana da nasa hukunci. Data kuɗi ce, wuta kuwa sai ta ga dama, don haka manhajar ta zama ƙarama, ta yi aiki ba intanet bayan an sauke ta. Murya ta fi rubutu, don mutanenmu sun saba da rediyo da saƙon murya na WhatsApp. A Yuganda an gwada wani darasi na Hukumar Lafiya ta Duniya da aka ɗauka a faifai cikin Larabcin Juba, mata 694 'yan gudun hijirar Sudan ta Kudu suka shiga gwajin, aka kuwa ga amfaninsa. Kuma wayar ɗalibi ba tasa ba ce shi kaɗai, aboki ya ara ya kira gida, ƙane ya ɗauka ya yi wasa. In sunan manhajar ya ƙunshi kalmar tabin hankali, ko saƙo ya faɗo bisa fuskar waya yana tambaya ko har yanzu kana kuka, ka tona wa mai ita asiri, a garin da irin wannan magana ta kan hana aure.

Asiri ya wuce nan. A 2023 hukumar kare masu saye ta Amurka ta sa kamfanin BetterHelp ya biya dala miliyan 7.8 don ya miƙa bayanan masu neman taimako ga Facebook da waɗansu saboda talla. A Finlan, ɓarawon intanet ya kwashe bayanan jinyar mutum wajen 33,000 daga kamfanin Vastaamo, a 2020 ya riƙa aika wa marasa lafiyar da kansu cewa su biya ko ya watsa. Dokarmu ta kare bayanai ta 2023 ta sa bayanin lafiya cikin waɗanda a ke tsananta tsaronsu. Shawarata ga ɗalibanmu mai sauƙi ce: abin da ba ku karɓa ba, ba a iya sace shi wurinku. Kada ku tambayi suna, ku bar abin da mutum ya rubuta cikin wayarsa, ku ba shi maɓallin share kome.

Saura ƙofar haɗari. Duk wanda ya buɗe irin wannan manhaja ga jama'a, lalle wata rana da tsakar dare wani zai rubuta mata cewa ya gaji da rayuwa. A 2019 masana a Singafo suka duba manhajoji 69 na masu damuwa, suka tarar 6 daga ciki lambar neman agajin da suka bayar ba daidai ba ce ko ba ta aiki. Ku yi tunanin wanda ya tattara ƙarfinsa na ƙarshe ya buga lambar. Don haka tun ranar farko, lokacin da hankali ke kwance, manhajar ta sa mutum ya zaɓi mutum biyu da ya amince da su, ya ajiye lambobinsu, ta ƙara da ta asibitin kwaleji da babbar asibiti mafi kusa, maɓallin kuwa ya kasance a ko wane shafi. Ta kuma faɗi iyakarta a fili. Mai jin muryoyi, da wanda ya kwana uku bai runtsa ba, da wanda ƙwaya ta kama, da mai tunanin kashe kansa, likita su ke bukata yau.

Na san waɗansunku za su ce ai yanzu ga ƙirƙirarriyar basira, wadda ke hira kamar mutum, me ya sa ba za a bar mata aikin ba? A 2025 Kwalejin Dartmouth ta buga sakamakon gwajin wata mai suna Therabot da mutum 210 suka shiga, aka ga sauƙi. Amma likitoci na karanta hirar a bayan fage, suna shiga in sun ga haɗari. A 2023 wata ƙungiyar masu ciwon ƙin cin abinci a Amurka ta dakatar da tata, Tessa, don ta fara ba masu wannan ciwo shawarar rage ƙiba. A watan Agusta na 2025 jihar Illinois ta hana a bar na'ura ta yi jinyar hankali ita kaɗai. Ga inda labarin sakatariyar Weizenbaum ya dawo: mutum na saurin amincewa da abin da ke amsa masa. Waɗannan na'urori kuwa sun karkata ga gaskata mai magana da su, alhali dabarar Beck ita ce a yi wa tunaninka gardama cikin ladabi. Hausarsu ma har yanzu ba ta kai Turancinsu ba. Ga aikin ɗalibi, ni na fi son jimloli ƙayyadaddu waɗanda likita ya karanta ya amince da su.

Abu na ƙarshe ga 'yan sashen kwamfuta. Woebot, wadda aka fara a 2017, tana cikin waɗanda suka fi suna, da masana da kuɗi a bayanta, amma a ƙarshen watan Yuni na 2025 kamfanin ya rufe ta, masu hira da ita kullum suka wayi gari babu. Ku kuwa shekara guda ta rage muku a nan. Kafin ku rubuta layin farko, ku je wurin shugaban sashenku da ma'aikatan asibitin kwaleji, a rubuta a takarda wanda zai riƙe manhajar bayan kun tafi, da wanda zai riƙa buga lambobin agajin nan farkon ko wane zangon karatu ya tabbatar ana ɗauka. Darussan kuma a buga su a 'yar takarda mai shafi huɗu a ajiye a laburare, don wanda wayarsa ta lalace.